Tsanwa da Jar Masara

Ranar wata Talata ce, cikin bazarar shekarar da na shiga aji uku na firamare, lokacin da ake tsakiyar ginin madatsar ruwa ta Bakolori, Kawu Sani ya shigo gidanmu na Talata Mafara kai babu hula. Ban taɓa ganin babban mutum haka ba sai a gaban wanzami. Ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida ina tsince tsakuwa daga cikin wake, Inna kuma tana dama fura. Kawu ƙanen Inna ne, yana cikin leburorin da aka ɗauka aikin share daji a wajen Maradun, kuma duk ranar kasuwa yakan biyo motar ma'aikata ya zo gaishe mu. Suka yi ta gaisuwa, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Damaga gida-gida, duk hular tana rungume a ƙirjinsa. Da Inna ta gaji sai ta ce, "Kai Sani, lahiya kake yawo cikin gari kai tsirara kamar ɗan yaye?" Ya yi dariya, ya durƙusa a gabana, ya buɗe hular. A cikinta akwai wani ɗan abu mai rai, rabinsa tsoka rabinsa koren gashi, da baki wanda ya yi wa kansa yawa. Ya ce katafila ce ta kayar da wata tsohuwar kuka, aka sami sheƙa a kogonta, 'ya'ya uku, wannan kaɗai ta rayu. Akun daji ce, irin wadda mutanenmu ke kira tsiriya. Na miƙa yatsa, ta kama shi da bakinta tana neman abinci, ni kuwa tun daga wannan lokaci na daina jin abin da manya ke faɗa.

Da Baba ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, kallo ɗaya ya yi wa hular ya kawar da kai. Baba manomi ne, kuma a wurin manomi tsiriya ɓarauniya ce. Ya ce, "Wagga da nike kora daga gona da gwangwani da majajjawa, ita zan ciyar cikin gidana?" Inna ma ba ta goyi bayana ba, sai dai nata dalilin daban ne. Ta ce rai ba 'yar tsana ba ce da za a yi wasa da ita a jefar a bayan ɗaki, kuma duk abin da mutum ya tsare, gobe kiyama sai an tambaye shi cinsa da shansa. Aka yanke cewa tsuntsuwar za ta zauna mako guda, saboda ko tashi ba ta iya ba, ran Talata mai zuwa Kawu ya mayar da abinsa.

A gidanmu yaro ba ya jayayya da mahaifinsa, ko roƙo ma ba a cika yi baki da baki ba. Don haka na yi roƙona da hannuwa. Na share zaure safe da yamma, na cika masa buta tun kafin ya nema, na wanke rigar gonarsa har sau biyu a mako guda. Tsakanin wannan da wancan ina tauna gyaɗa ina ɗura wa 'yar tsuntsuwar da tsinke, ina jiƙa mata gero har ya yi laushi. Baba ya ga komai, amma bai janye hukuncinsa ba. Da na ga kwanaki suna ƙarewa, ran Talata da sassafe na bi ta kasuwa kafin makaranta, na sami Goggo Ige tana shimfiɗa tallan daddawarta. Ita ce yayar Baba, a Bakura take aure, kuma ita kaɗai na taɓa ji ta kira shi da sunansa gatsau. Na gaishe ta, sai kuka ya riga ni magana. Ta bari na gama, ta share mini fuska da gefen mayafinta mai warin daddawa, ta ce in wuce makaranta kar a doke ni.

Sunan mahaifiyarsu aka raɗa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Nan Goggo ta kama shi. Da yamma ta zo gida, ta sha ruwa, ta ci goro, sannan ta ce, "Kai Mamman, wa ya sa wa ɗiyar nan sunan tsohuwarmu, ni ko kai? Kai da bakinka kake kiran ta uwarka. To, yau uwarka ta roƙe ka abu, dube ta ka ce a'a in gani." Baba ya sunkuyar da kai yana murmushin da ba ya so a gani. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Kada ya taɓa tarar da kaskon ruwanta a bushe. Kuma abincinta ni zan nemo. "Hatsin rumbu na bakin mutane ne," in ji shi. "Ko ƙwaya ɗaya kar ki taɓa." Na ce na ji. Kawu ya koma Maradun da hularsa a kai.

Na sa mata suna Tsanwa saboda launinta. Kejin farko da sillen kara na haɗa shi, ta cinye shi a kwana biyu, sai da Kawu ya kawo guntayen waya daga wurin aikinsu aka ɗaure mata wani, muka rataye a reshen darbejiya. Rayuwata ta koma tana zagaya wannan reshe. Kafin in tafi makarantar allo na wanke kasko na zuba sabon ruwa, na kwashe kashin da ke ƙasa don kada Inna ta yi magana. Idan an tashi firamare, ƙawayena suna tsayawa carafke a inuwar aji, ni ina bin gidajen maƙwabta ina taya mata surfe da shiƙa, su sallame ni da ɗan tsaki a ƙoƙo. Ran kasuwa nakan jira masu awo su tashi, in share ƙwayoyin da suka zube, in zo gida in bushe ƙasar. Da damina na kawo mata ɗanyar gyaɗa da ɓaure, da kaka na bi mata kala a gonakin da aka girbe, ina tsintar zangarniyar da aka bari, har na tara tukunya guda na rufe da faifai a ƙarƙashin gadon Inna. Wani lokaci ina jin kiɗan gaɗa daga dandali ƙafata tana motsi, amma in na tuna ban sauya ruwa ba sai in juyo. Ba kullum nake juyowa da daɗin rai ba.

Ita kuwa ta yi kyau. Wutsiyarta ta yi tsawo, bakinta ya yi ja, in rana ta faɗo mata ta cikin ganye sai ka ce wani ganyen ne ya sami ido. Takan hau kafaɗata ina tsinkar zogale, ta riƙa jan ɗankunnena a hankali. Ba ta iya magana irin ta akun kurmi ba, amma ta iya kwaikwayo. Ta koyi yadda Inna ke kiran kaji, har kajin su taru a gindin itace suna dube-dube. Sannan ta koyi gyaran muryar da Baba ke yi a zaure kafin ya shigo. Ranar farko da ta mayar masa, ya tsaya cak ya ce, "Wane ne a gidan?" Inna ta yi dariya har ta zubar da miya. Daga ranar, na sha ganinsa yana wucewa ta gindin darbejiya ba gaira ba dalili, yana ce mata, "Ɓarauniya, an wuni lahiya?"

Shekarar da ta biyo ta zo da wuya. Babbar gonarmu ta hanyar Bakura tana cikin filayen da ake bajewa ana yanka hanyoyin ruwa, damina guda ba mu shuka komai a cikinta ba, haka ma maƙwabta da yawa. Kafin bazara ta ƙare tuwonmu ya koma sau ɗaya a rana. Matan da ke ba ni tsaki suka fara riƙe shi suna kunu da shi, masu awo kuma suka riƙa share nasu da kansu. Tukunyata ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har wata safiya na ji farcena yana kartar gindinta. Kwana biyu Tsanwa tana cin busasshiyar magarya da ganye. Na zagaya rumbu ya fi a ƙirga. Ban taɓa ba, kuma ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron Baba ya ce na kasa, a buɗe keji.

A makon ne aka mayar wa manoma wani sashe na filayensu, aka raba musu sabon irin masara. Baba ya kawo nasa a ɗan buhu ya jingine a lungun zaure yana jiran ruwan shuka. Irin da na sani shi ne namu, zangarniyar da ake zaɓa a rataye a rufin madafa hayaƙi ya tsare ta. Wannan kuwa da na leƙa, ƙwayoyi ne manya-manya, jajaye kamar an yi musu lalle. Na ɗauka ado ne, irin na alewar kasuwa. Na tsaya ina lissafi irin na yaro: an hana ni rumbu, wannan kuwa ba rumbu ba ne. Na ɗebi cikin tafi guda, na farfasa a kan dutsen niƙa, na zuba mata. Ta ci da sauri, tana ɗago kai tana dubana, ni kuma na tafi makaranta zuciyata fara tas.

Da na dawo da azahar, tana ƙasan keji, fukafukai a sake, ido rabi a rufe. Inna ta aika aka samo madarar shanu, muka ɗura mata da tsinke, ta dawo da ita. Muka gwada ruwan tsamiya. Ina riƙe da ita a cinyata Baba ya shigo, ya dubi jan garin da ya rage a kasko, ya dubi tafin hannuna da har lokacin yake da ja. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya fizgo hannuna ya ce, "Kin ci? Uwata, dube ni, kin sa a baki?" Na ce a'a. Ya ja ni bakin randa, ya wanke mini hannu da toka da sabulu, ya sake wankewa. Ashe magani ne aka shafa wa irin don kashe ƙwari. Malamin gona ya yi wa maza bayani a wurin rabo, amma a wurinmu zancen iri zancen maza ne, bai taɓa shigowa cikin gida ba, don haka bai zo wa Baba a rai ya faɗa mana ba.

Tsanwa ta mutu kafin kiran la'asar. Baba ya zauna a kan turmi ya ce, "Mi ya hana ki gaya mini abincinta ya ƙare?" Na ce, "Kun ce kar in taɓa rumbu." Ya juya ya dubi kejin. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Na ce kar ki taɓa. Ban ce kar ki roƙa ba." Shi da kansa ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya bar ni na naɗe ta a tsohon kallabina. Ko hutawa bai yi ba ya rataye buhun a can saman zaure, ya fita ya bi gidajen unguwa yana cewa a gaya wa mata da yara, don ya ji wasu na shawarar wanke irin su daka saboda yunwa. Goggo ta ce mini wataƙila tsuntsuwata ta tsare ran wani. Na ji, amma bai rage mini komai ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, har tsawon makonni, Baba yakan yi gyaran murya a zaure, ya ɗan dakata, sannan ya shigo. Da kaka ta zo Kawu ya ce zai samo mini wata. Baba ne ya fara cewa a kawo, ya ce wannan karon daga rumbu za ta ci. Ni na ce a bar ta a dajinta.

Yanzu ina koyarwa a birni, a ɗakin haya mai taga ɗaya. In na je gida hutu, ruwa na gudu a hanyoyin da aka yanka muna yara, shinkafa da tumatir sun yi kore har cikin rani, abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Amma manyan itatuwa sun yi ƙaranci, kuma sai in yi kwanaki ban ji kukan tsiriya ba. Baba ya tsufa, ya bar wa wasu noma, yana wuni a zaure da carbinsa. Duk zuwan da na yi, kafin in ajiye jaka sai ya ce, "Uwata, akwai abin da ya ƙare miki?" Nakan ce babu, ko da akwai, shi kuma ya dube ni ya ƙi yarda. A hanyar makarantarmu akwai mai sayar da tsuntsaye, nakan tsaya a gaban kejinsa har ya fara yi mini tayi, sannan in wuce. Na iya ɗaukar nauyi tun ina ƙarama, faɗin cewa ya yi mini yawa ne har yau nake koyo.