Kwana ɗari na rungumar iska

Qiu Lan mai shayi ba ta san sunan tsohon ba. Kullum da safe yana tsaye a lambun gari, gwiwoyi a lanƙwashe, hannaye sun rungumi iska. Tana zaton direban bas ne a da, don haka suke riƙe sitiyari.

Yau kwanansa ɗari a wannan tsayuwar qigong, wani atisayen Sinawa. Malaminsa ya faɗa kowa na ji: in ya sauke hannu kafin tsinken turare ya cinye, zai faro daga ɗaya.

Sai ga matar tsohon daga kasuwa.

"Tsoho, tunda hannun ba aikin da yake, riƙe min."

Ta rataya masa ledar kabeji, ta tafi hirarta.

Bai sauke hannu ba, zufa na zuba, har turaren ya cinye.

"Madalla," in ji malamin. "Gobe ta kawo kabeji biyu."