Hanyar da Gunvor Ta Shuka Zuwa Bishiyar Tuffa

Gunvor Näslund tana fitowa ƙarfe bakwai na safe. Shekara talatin da takwas ke nan, kowace shekara daga ranar da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a ƙarshen Afrilu har ganye ya zube. Tsohuwar a-kori-kura, baro a baya, manjagara biyu, buhun yashi, buhun iri, fulas na kofi. Idan ta isa gidan mutum ba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Wurin ciyawar tsakar gida take nufa. Ta tsaya a gefe, ta danna ƙasa da dunduniyar takalminta. In ruwa ya taso a sawun, sai ta koma mota. Ko ka roƙe ta, ko ka yi fushi, ba za ta sauke manjagara ba sai ƙasa ta tsane.

Bana za ta ajiye aiki. Gwiwoyi sun ƙi. Ƙarshen Satumba za ta koma wurin 'yarta a Västerås. Na jira in ga ko wani zai rubuta wani abu a kanta a wannan takarda ta cocinmu. Ba wanda ya yi. Ni da shekara sha huɗu na bar makaranta na shiga daji saran itace, rubutu ba aikina ba ne. Amma akwai wani ziri na ƙasa a gidana da ya kusa ɓace mini, ita ta hana. Sai na faɗa.

Kowa a garin nan ya san aikinta. Mu maza, da mun ga rana ta fito kwana biyu, sai mu ɗauki manjagara mu afka wa ciyawa tana jiƙe, mu tumɓuke saiwar da ta sha wuyar wata shida a ƙarƙashin ƙanƙara. Bayan mako uku mu ce sanyin bana ne ya yi muni. Gunvor ce ke zuwa ta gyara. Ta tsefe mataccen ganye a hankali, ta huda ƙasa don ta sha iska, ta cike ramukan da ɓeraye suka haƙa, ta watsa yashi da iri, ta taka.

Maƙwabcina Rune ya taɓa kiran ta saboda gefen filinsa ya ƙone. Ina tsaye a bakin shinge.

"Karen Helge ne," in ji Rune, yana nuna ni. "Nan yake zuwa fitsari."

Gunvor ta dangwali ƙasar, ta ɗora a harshe, ta tofar.

"Karen Helge da gishiri yake fitsari?"

"Wane gishiri?"

"Wanda kake zuba wa hanyar motarka don ƙanƙara ta narke, ka kwashe shi da dusar ka jibge a nan. Dubi ƙunar. A miƙe take, kuma iyakarta daidai inda shebur ɗinka ke kaiwa. In kare ne, to ya fi ka iya awo."

Kwana biyar ta sa Rune yana kwarara wa wurin ruwa kafin ta yarda ta shuka. Har yau bai ba karena haƙuri ba.

Ni ban taɓa kiran ta ba. Filina da hannuna nake gyarawa tun da muka gina gidan, ni da matata Dagny. Na taɓa ce wa Gunvor ciyawata ba ta buƙatar likita. Na faɗa a gaban mutane, a kantin gari.

Shekara uku da suka wuce ciwon mantuwa ya kama Dagny. Abu ɗaya bai fita daga kanta ba: tsuntsaye. Akwai akwatin abincinsu a bishiyar tuffa a ƙarshen fili. Ta ɗebi hatsi a kofi, ta fita ta ƙofar kicin, ta zuba, ta dawo. Kafin ta cire safar hannu ta manta ta je. Sai ta sake ɗiba. Sau goma a wuni, wani lokaci sau ashirin. Ban hana ta ba. Dusar da take takawa ta danne ta zama ƙanƙara mai tauri. A watan Fabrairun bara na kasa riƙe ta ni kaɗai. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a Östersund.

Da narkewa ta zo, fili ya fito kamar kullum, fari-fari da ruɓaɓɓen ganye. Amma daga matakalar kicin zuwa bishiyar akwai hanya, matacciya, ruwan ƙasa, faɗin mutum ɗaya. A tsakiya ta yi lanƙwasa. Nan ne sandar igiyar shanya take da, wadda na cire shekara ashirin da suka wuce. Dagny tana kewaye ta har lokacin.

Na share ko'ina. Nan ban taɓa ba.

Wata safiya motar Gunvor ta tsaya a ƙofata. Ta jingina da shinge.

"Ƙanƙara ta shaƙe maka wurin nan. Saiwar ta mutu. Kwana biyu sun ishe ni."

"Ban kira ki ba."

"Na sani. Ranar da bishiya ta faɗo kan garejinka ma ba ka kira kowa ba."

"Kada ki taɓa wurin."

Ta dubi matakalar, ta bi hanyar da ido har bishiya. A lanƙwasar idonta ya daɗe. Ta san Dagny; shekaru sun yi suna waƙa tare a coci.

"Helge," ta ce, "in ka bar shi haka, kafin Yuli gansakuka da ciyawar banza sun cinye shi. Baɗi ba za ka san inda ta bi ba. In kuma na shuka irin ciyawarka, kafin wata biyu ya saje da sauran."

"To ki tafi."

Ta tafi. Kwana uku ina kallon hanyar ta taga, na san gaskiya ta faɗa.

Rana ta huɗu ta dawo da wani ƙaramin ƙunshin takarda. Ba ta tsaya a shinge ba, ta buɗe ƙofa ta shigo.

"Wannan ba irin ciyawarka ba ce. Gajera ce, ganyenta uku-uku, korenta ya fi duhu. Shekara ta biyu takan yi farin fure. Masu son fili sumul suna biyana in cire musu ita. Kai zan shuka maka, a nan kawai, iya faɗin ƙafarta. In ba ka so, ka ce."

Na dubi ƙunshin, na dubi hanyar.

"Na ɗauka ka yarda ke nan. Kawo mini buhu in durƙusa a kai, tsoho, kana tsaye kamar sandar waya."

Da ƙaramar manjagarar hannu ta yi aikin, a durƙushe, da waɗannan gwiwoyin. Wuni guda. Ba ta ja igiya ba, ba ta miƙar da komai ba. Inda hanyar ta yi faɗi ta bar ta da faɗi. Lanƙwasar ta bi ta yadda take. Na kawo mata kofi da busasshen burodi da cuku. Ta ce kofin ya yi ruwa.

Da za ta tafi ta ce, "Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuya. Idan dusa ta sauka, kada ka bi ta nan. In ka taka, za ka kashe ta yadda ta farko ta mutu. Tsuntsaye ka kai musu ta gefen shinge, yau ta dama, gobe ta hagu."

Wata shida na yi ina zagayawa da kofin hatsi. Hanyar matata tana nan a ƙarƙashin dusa, ina sane da inda take, ban ɗora ƙafa ba ko sau ɗaya.

Bana ta fito. A ƙarshen Yuni ta yi fure, fari fat daga matakala har bishiya, ƙudan zuma a kai. Aka bar ni na kawo Dagny gida wuni ɗaya. Na zaunar da ita a kujera a bakin kicin, na rufe mata ƙafa da bargo. Ba ta gane gidan ba. Ni ma ta ɗauka direba ne. Ta daɗe tana kallon furen.

"Wa ke bi ta nan?" ta ce.

"Matata."

"Tana son tsuntsaye ke nan."

"Sosai."

"To in ta dawo, ka ce ina gaishe ta."

Na ce zan faɗa mata.

Gunvor, ke ce kika ga abin da ban iya faɗa ba, kuma ba ki sa na faɗa ba. Ke ce kika durƙusa a filin mutumin da ya raina aikinki a bainar jama'a. Abin da na ce a kanti, na janye shi a nan, inda kowa zai karanta. Na gode. Ki huta da gwiwoyin nan. An ce a bene na uku 'yarki take, babu ko taku ɗaya na ciyawa. Ban san yadda za ki yi da watan Mayu ba.

Ku kuma na garin nan, saura mako shida ta tafi. Wani ya shiga motar nan ya bi ta, ya riƙe mata baro, ya rufe bakinsa ya kalla. Tsefe ciyawa kowa zai iya koya a wuni ɗaya. Ku koyi yadda take duba fili kafin ta taɓa shi.

Furen ya fara bushewa yanzu. Jiya na yanke ciyawa, na kewaye hanyar.

Helge Byström