Hujin da Na Ƙi Ɗinkewa a Rigar Kakanmu

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba zan manta ranar da na ce wa Baffana a'a a gaban mutanen gida ba. Ni da ko haɗa ido ban taɓa yi da shi ba!

Kakanmu soja ne. Ya jagoranci wata runduna a yaƙin basasa, ya dawo ƙauyenmu Janfalan ya kama noma har Allah Ya karɓi abinsa. Da ya rasu aka rabar da tufafinsa sadaka kamar yadda aka saba, sai rigar kakinsa ɗaya da kakarmu ta ɓoye a adaka, ta barbaɗa mata kafur. Rigar tana da huji a kafaɗar dama, ga tabon jini kewaye da shi, ya daɗe har ya koma baƙi.

Ana nan sai ga mutanen wani gidan adana kayan tarihi daga Kaduna. Suka ce za su baje kolin kayan kwamandojin yaƙi, suna roƙon a ba su aron abin da Kaka ya bari. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gidan ke hannunsa, ya amsa da murna. Da yake ni ke ɗinki a gidan, washegari da hantsi ya ajiye mini rigar a kan kekena.

"Ki yi mata faci mai kyau," in ji shi. "Sannan a wanke ta tas, a sa sitati, a goge. Ba za a kai tsumma gaban manya da sunan gidanmu ba."

Ban ga laifin tunaninsa ba da farko. Mu dai a wajenmu ko kwano za ka ba maƙwabci aro sai ka wanke shi, balle rigar da gari guda zai kalla. Har na zura zare a allura. Amma da na ɗaga rigar, na sa yatsa a hujin nan, sai muryar Kaka ta dawo mini. Muna yara yakan buɗe kafaɗarsa ya ce, "Ku duba da kyau, ta gaba harsashin ya shiga. Kakanku bai juya baya ba." Yanzu kafaɗar tana cikin ƙasa. Shaidar da ta rage ke nan a hannuna, kuma wai ni ce zan toshe ta? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba zan ɗinke ba."

Matan da ke surfe suka tsaya da taɓare a hannu.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ɗinke ba, kuma ruwa ba zai taɓa ta ba."

"To ba ni nan! Teloli sun ƙare ne a kasuwar Ikara?"

Na rungume rigar a ƙirji na ƙi saki. Gwaggona tana ta salati tana cewa, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa?" Baffa ya ce tunda na fi ƙarfinsa, kada na ƙara gaishe shi. Na ce gaisuwa dai ba zan fasa ba, rigar ce ba zan bayar ba. Kafin ya aika a kira mahaifina daga gona, na naɗe ta a zane, na hau acaɓa zuwa Ikara, na shiga motar Kaduna. Da hannuna na miƙa ta ga mutanen gidan tarihin, na kuma ja musu kunne kada wanda ya yi mata gyara.

Ranar baje kolin mun je gida guda, Baffa a gaba, fuska a murtuke. Ga riguna nan jere cikin gilashi, sun sha guga, maɓallai suna ƙyalli. Tamu kuwa tana can gefe, a koɗe, da hujinta a waje. Mutane sukan wuce sauran da sauri, in sun iso gabanta sai hira ta yanke. Wata mata ta daɗe a tsaye, sannan ta ce a hankali, "Allah Ya jiƙan mai rigar nan."

Na ɗauka Baffa zai sauko. Ina! Ya tsaya ya ƙura mata ido, na ga yana goge fuska da hannun babbar riga, amma da ya juyo sai ya ce, "Duk da haka, da kin dai wanke ta."

Na ce, "Baffa, ko gobe aka dawo da ita ba zan wanke ba."

Har yau in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa, ni kuma ban yi nadama ba ko kaɗan. Abin da na koya shi ne, babba yana da hakkin na durƙusa masa, amma ba shi da hakkin sa ni na goge abin da wani ya zubar da jininsa a kai. In aka sake kawo mini irin wannan aikin, a durƙushen zan sake cewa a'a.