Yafiyar da Inshora Ta Ƙi

Lokacin yaƙin basasa ina da wata akwalar mota, in na tashe ta da safe sai kajin Madabo su yi hijira. Masu sayar da kayan gyara duk sun bar gari, birki ya fi zinare tsada. Ran nan a Ƙofar Dawanau birki ya ƙwace wa wani maƙwabcinmu, dattijo Babarbare mai jigilar gyaɗa, ya daki motata ta baya har but ya zo gaishe da sitiyari.

Ya sauko, jama'a suka taru. Na ce, "Baba, ku da doki kuka iya, wa ya aike ka?" Kowa ya dara ban da shi. Sai na ɗaga murya: "Ƙaddara ce. Na yafe, duniya da lahira!" Aka shafa fatiha.

Ni hankalina kwance, motar tana da inshora. Suka biya gyara, na koma titi ina hura hanci.

Kwatsam sai ga Baba a zaurena, ko zama bai yi ba. Wai mutanen inshora sun same shi: ko ya biya abin da suka kashe, ko kotu ta kama motarsa. Ita ce kuwa abincin gidansa. Ya ce, "Malam, ashe yafiyar taka ta bakin titi ce?"

Wallahi gara ya mare ni.

Na dira a ofishinsu ina huci. Akawun ya ce, "Alhaji, duk wanda muka yi wa gyara, mu ke bin wanda ya yi ɓarnar. Ka yafe abin da ba naka ba."

"A gaban rabin Kano na faɗa!"

"Rabin Kano ba su biya gyara ba."

Ɗan banza, ya fi ni gaskiya. Na ce, "In na dawo muku da naku fa?"

"Sai magana ta mutu."

Kafin Juma'a na sayar da motar, na kai musu, na biya ta gidan Baba a ƙasa, gumi har cikin takalmi. Na ce ya kwana lafiya, ba mai taɓa masa mota. Ya leƙa bayana.

"Ina taka?"

"Ta tafi biyan bashin bakina, Baba. Sa a kawo min ruwa."