Agogon da na ɓoye a bayan kwaba

Firizar ba tawa ba ce, gara in fara da wannan. Matata ce ta saye ta da guminta, bayan shekara huɗu tana suyar ƙosai a bakin gwata a Nima. 'Yar gwanjo ce, tana gurnani kamar motar haya ta trotro a kan tudu, amma ƙanƙararta ba ta da ta biyu a layinmu. Da azumi har daga Maamobi mata ke tsallakowa da kwanoninsu.

Ni lokacin direba ne a gidan wani Bature wajen filin jirgi. A bangon falonsa akwai wani abu da ke kunna na'urar sanyaya ɗaki ya kuma kashe ta da kansa, kullum yana yabonsa wai yana rage masa kuɗin wuta. Da zai koma ƙasarsu ya ba ni ƙaraminsa: ɗan akwati da ake sakawa a soket, da faifai kamar fuskar agogo da 'yan ƙusoshi. Inda ka soka ƙusa, nan zai yanke wuta.

Na kawo shi gida ina jin kaina injiniya. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, motar Bature aka ba ka tuƙi, ba firizata ba."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Ranar da ta tafi suna unguwar Madina na janye kwabar da take jera kwanoninta, don soket ɗin a bayanta yake, na liƙa abin, na jona firizar a jikinsa, na mayar da kwaba. Na saita shi ya kashe bayan isha'i ya kunna da asuba, lokacin da gari ke da sanyi. Mako biyu ba ta lura ba, ni kuwa ina ta murmushi ni kaɗai.

Sai ruwan dam ɗin da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Abin da Bature bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne agogon nan da wuta yake tafiya. An ɗauke wuta, ya tsaya cak. An kawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Cikin kwana uku darensa ya koma ranarmu. Wata Lahadi bayan azahar, fanka na juyawa, rediyon maƙwabta na tashi, na ji ƙas daga bayan kwaba, firiza ta yi shiru.

A nan ya kamata in cire shi. Ban cire ba. Duk safiya idan ta fita ɗebo ruwa sai in zura hannu in gyara faifan, in tafi tasha neman lodi tunda Bature ya riga ya tafi, a sake ɗauke wuta, ya sake rikicewa. So nake takardar wuta ta zo in ajiye mata a gabanta ta ga wa ke da gaskiya.

Azumi ya kama mu a haka. 'Yar wutar da ake ba mu, rabinta agogona ya cinye. Mata su zo da la'asar, ta buɗe firiza, leda-leda na ruwa mai ɗan sanyi suna lilo. Ta yi ta ba da haƙuri. Sau biyu ta kira mai gyara, ya ƙara gas, a na biyun ya ce injin ya gaji, ta rabu da ita tun tana da daraja. Ina zaune a kan tabarma ina jin su, har da gyaɗa kai.

Takardar ta zo. Alhaji mai gidan ya zauna a ƙofar zaure ya raba ta yadda ya saba. Mita ɗaya ce ga ɗaki goma sha ɗaya, kuma da ƙidayar kaya ake rabo: kwan wuta kaza, fanka kaza, firiza kaza, ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Shekara tara ina gidan nan, na san haka kamar sunana. Har yau ban gane yadda aka yi na manta ba. Na ja shi gefe na faɗa masa abin da na yi, ko zai rage mini. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To mun gode, Malam direba. Ka yi wa gida sadaka da ƙanƙarar matarka."

Ya ƙara da cewa ko ragin da aka gani, ɗauke wuta ne ya kawo shi, ba agogo ba.

Duk da haka ban faɗa mata ba. Ta riga ta yi ciniki da wani mai sayen tsofaffin kaya daga Zongo Lane. Sai da ya zo da mutanensa da kura, suka kama kwaba za su janye don su zare waya, sannan bakina ya buɗe. Wannan ba tuba ba ce, kamawa ce, na sani.

Ta daɗe tana kallon abin. Ta ba mutanen haƙuri ta sallame su. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kana ji ina cewa mutane bana ba ni da sa'a, kana cewa in yi haƙuri da ƙaddara."

Firiza ta zauna, kuma a goman ƙarshe ƙanƙara ta dawo kamar dutse. Amma matan Maamobi sun riga sun saba da wata a can tsallaken gwata, ba su ƙara zuwa ba, ko a azumin da ya biyo. Ta koma hura wutar ƙosai da sassafe.

Na roƙe ta gafara bayan sallar idi, ta ce ta yafe. Washegari ta sa aka mayar da kwaba ɗaya bangon, yadda daga bakin ƙofa za ta iya hango soket ɗin. Har muka bar gidan haka ɗakin yake.