Shekarar da Alhaji Ya Rame

Ni ba na riƙe shekara da lamba, ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma wannan ba ta ɓace mini. An buɗe gadar Gaweye ina goye da ɗiyata ta fari. Ranar da rana ta yi zazzaɓi, gari ya yi duhu-duhu da hantsi, ina da cikin na biyu. Ina shayar da shi soji suka karɓi mulki. To, tsakanin kamuwar rana da hawan soji ne mijina ya soma ramewa. Babbar kasuwa ba ta ƙone ba tukuna, a can yake da rumfar atamfa da shadda.

Mu Gobirawa ne daga yankin Maraɗi, amma gidanmu na Yantala ya girmi yawancin gidajen unguwar. Alhaji mutum ne mai jiki. In ya zauna a buzu sai ya cika shi, in ya yi dariya tumbinsa na rawa. Ni kuwa wannan tumbin shi ne takardar shaidata, don a lokacinmu a jikin miji ake karanta matarsa. Kuma ban ɓoye ba, na iya tukunya. Ko yau a tambaya.

Shekarar fari ce. Shanu sun ƙare a arewa, Buzaye da Fulani sun cika bayan gari da bukkokin tabarma, yaransu kai babba, ƙafa kamar kara. Kogin Isa ya ja baya har yashi ya fito a tsakiya. Ana raba jar dawar taimako, wadda ko an sha daka ba ta yin tuwon kirki. A wannan shekarar rama suna ɗaya gare ta: yunwa. Ba wanda zai ga ramamme ya yi tunanin wani abu dabam.

Sai ga ramar ta shigo gidana, inda buhun shinkafa ke jingine har rufi.

Da ƙishirwa ta fara. Alhaji zai shanye moɗa uku a tsaye, ya ce maƙoshinsa kamar an zuba toka. Buta ba ta hutawa. Yana ci kuwa, ci na gaske, amma kamar a rijiya nake zubawa. Mazagin wandonsa ya yi tsawo har sai da na yanke shi. Wuyan rigarsa ya koma yana lilo. In na kai masa ruwan alwala na ga ƙashin wuyan hannunsa, sai in koma madafa in zauna ina kallon wuta.

A wani suna a Gaweye ƙanwarsa, wadda take bi masa, ta tare ni gaban mata.

"Matar yaya, wai hatsin gidanku ina yake tafiya? Ke ga ki kamar randa, ɗan'uwana kamar muciya. Ko Maraɗi ake aikawa?"

Aka yi shewa. Na yi dariya ni ma, na ce, "Ki zo ki karɓi tukunyar mana, in kin iya hura wuta." Amma ban ci abincin sunan ba. Tun daga ranar na ɗaura ɗamara: ko me za a yi, sai na mayar da naman mutumin nan.

Fura da safe, in jefa ƙwayar sukari shida in dama. Shayi zagaye uku bayan azahar, kowanne sai ya yi kauri. Burodi da madarar gwangwani, wadda ake huda ta ta zubo kamar zuma. Zumar ma na sa aka kawo mini daga Gurma. Shinkafa fara da rana, alkaki da nakiya a ajiye kusa da shimfiɗarsa. Shi kuma, bawan Allah, yana so. Yana cewa, "Ke dai Allah ya yi miki albarka." Yana ci, yana ƙara zubewa.

Bayan soji sun hau, aka shiga neman 'yan kasuwar da suka ɓoye hatsi. Kowa a tsorace yake, an ce ana kwashe mutum da buhunansa a kamiyo ɗaya, babbar motar kaya. Wata safiya suka shigo layinmu. Ina jin takalmansu a zaure na tuna abin da ke ɗakin ajiya. Alhaji ya fito yana dafa bango. Babban cikinsu ya dube shi sama da ƙasa, ya sauke murya.

"Baba, yi haƙuri, koma ka kwanta. Gidan nan ba sai an duba ba." Ya juyo gare ni. "Madam, gobe ki je wurin mai unguwa a sa ku cikin masu karɓar dawa. Ba abin kunya ba ne, shekarar ce."

Baba! Mutumin da bai daɗe da haura arba'in ba. Suka fita ba su taɓa ko buhu ɗaya ba. Ya kamata in gode wa Allah. Ni kuwa bayan ƙyaure na tsuguna ina kuka, wai soja ya ga mijina ya ɗauke mu mayunwata, kuma maƙwabta sun ji. Washegari ƙwayar sukarin fura ta koma takwas.

Akwai maƙwabciyata Bazabarma, tana shara a gidan likita. Kun san tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, wasa ne tun kakanni, ba a gaisuwa sai da tsiya. Ta shigo aron turmi, ta zaga bayan ɗaki, sai ta ƙwala mini kira.

"Ke baiwata, zo ki ga baƙinki."

Kiyashi ne, layi guda baƙi ƙirin, daga gindin katanga har bakin makwararar da Alhaji ke tsugunawa. Na jima ina ganinsu, ina watsa musu toka, suna dawowa.

"Kiyashi ba ya bin fitsari sai da zaƙi a ciki," in ji ta. "Na ga irin wannan a likita. Sukari ne ke cin mijinki. Ki bar ba shi zaƙin nan, ki kwaɗa masa kopto, ki kai shi a auna."

Kopto, wato kwaɗon zogale, wanda a shekarar shi ne abincin wanda ya rasa hatsi. Na kwashe da dariya. Na ce, "Kai, Zabarmawa! Kun cinye ganyen garin, yanzu kuna nema mana mu taya ku kiwo? Ɗauki turmin ki ba ni wuri."

"Wallahi ba wasa nake ba, Bagobira."

"Yaushe kika taɓa yin gaskiya?"

Ta tafi tana girgiza kai. Da wata ce ta faɗa mini, watakila da na tsaya na saurara. Amma bakin da kullum yake zolayarki, ranar da ya zo da gaskiya ba ki gane ta. Kuma ciwon sukari a lokacin, ni na ɗauka na Nasara ne.

Abin da ya kai mu likita ɗan yatsan ƙafa ne. Takalmi ya goge shi, ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero. Sati biyu bai rufe ba. Ya yi baƙi, baƙin ya hau, ɗaki ya soma wani wari da turaren wuta ba ya kashewa. Shi kuma ba ya jin zafi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Zan matsa wurin, yana kallona yana murmushi.

Gidan likita cike yake, mata a ƙasa rungume da yaran fari, sai da muka tsallake ƙafafu. Lokotoron da ke duba marasa lafiya saurayi ne ɗan Damagaram. Ya duba ƙafar, ya sa aka auna fitsari, sannan ya ce, "Madam, me yake ci a gida?"

Na gyara zama. Allah ya gani, da alfahari na lissafa masa. Fura da ƙwaya takwas, shayi, zuma, madara, alkaki. Ina so ya san ba daga gidan yunwa muka fito ba. Ina cikin faɗa ya ajiye alƙalaminsa. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, a hankali, "Tun yaushe?"

Na ce, "Wata tara."

Ya rufe ido. A nan na gane.

Suka ce sai an yanke ƙafar. Alhaji ya ce yadda Allah ya kawo shi da ƙafa biyu haka zai koma. Muka dawo gida da allura da dogon jerin abin da ba zai ci ba. Na aika aka roƙo mini zogale wurin Bazabarmar nan, ta kawo da kanta, ta zauna muka tsinke tare. Ya ci kopto na kwana arba'in da 'yan kai. Kafin gero ya fid da kai aka ɗauke shi.

A wancan zamanin mutum uku na sani da wannan ciwo, dukkansu manya masu tumbi: Alhaji, wani dillalin shanu, da wan Alhaji da ke aikin gwamnati. Shi wan, a buro, wurin aikinsu, aka auna su aka gano da wuri, yana da firijin ajiye allura, ya ga auren jikokinsa. Dillalin bai kai farin da ya biyo bayan wannan ba. Yanzu kuwa wace ta'aziyya za ki je ba ki ji an ce sukari ba? Ya bar gidan masu shi ya shiga na kowa. Yaran nan da na tsallake a likita, irinsu da suka rayu suka zauna birni, yau su ne ake yanke wa ƙafa. Mata sun fi ba ni tausayi, sai ido ya tafi ake sanin me ke cinsu. 'Yan ƙauye kuwa a ce ajali ne, a rufe, ba wanda ya auna. Ɗiyata ta fari da ciwon nan ta tafi, tana da shekarun da ubanta bai kai ba da kaɗan. Har yau ba na shiga bayan ɗakin kowa ban dubi gindin katanga ba. In jikana ya sha ruwa moɗa biyu a jere, sai na tsare shi da tambaya har ya gaji da ni.

Cikin waɗanda suka ga wannan shekarar, Bazabarma ta rasu, wan Alhaji ya rasu, lokotoro an ce ya koma Damagaram, ban san ko yana nan ba. Saura ni, da ɗan da nake shayarwa lokacin, sai ƙanwar Alhaji a Talladje. Sukari ya cinye mata ido. Ban taɓa faɗa mata abin da ya fito daga maganarta ta gidan suna ba, kuma ba zan faɗa ba, hannuna ne ya dama furar. In na je gaishe ta takan lalubo zanena ta ce, "Matar yaya, yaran nan sun hana ni. Jefa mini ƙwaya biyu a shayi, ba wanda zai sani."

Sai in ɗauki cokali in yi ta kaɗa kofin ba komai a ciki, in miƙa mata. Ta kurɓa ta ce hannuna ya mutu, ban iya komai ba yanzu. In ce mata haka ne.