Takardar Farautar Yaya Sale

Da kakar bana aka cika shekara goma sha bakwai da muka kai yayana, Sale Maharbi, makwancinsa a ƙauyenmu da ke kusa da Sara. A cikin shekarun nan, goma sha huɗu na yi su ne ina yi wa matarsa ƙarya, sau ɗaya kowace shekara, kuma a kan takarda guda. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin babu yadda zan yabe shi ban tona wa kaina asiri ba. Bana dai na gaji da ajiyewa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba ni shekara goma sha biyu. Ni aka kai boko na zama malamin firamare, shi kuwa ya gaji adakar mahaifinmu, wato bindigar toka irin ta maharba. Gajeren mutum ne marar yawan magana, ba ka jin takunsa sai ya yi sallama a kanka. Dajin da yake shiga muna kiransa Bayan Dutse, cike yake da marke da ƙirya da taura, a tsakiyarsa akwai wani ɗan tafki da ba ya ƙafewa sai can cikin bazara. Nan barewa da gada suke shan ruwa. Yaya ya san su kamar yadda nake sanin 'yan ajina, har ya kan gaya maka wadda ta yi ciki da wadda kura ta taɓa.

Da aka yanke mu daga Kano aka yi sabuwar jiha, sai sanarwa ta zo cewa kowane maharbi ya je wurin malamin daji a Birnin Kudu ya karɓi sabon lasisi, don na da ya daina aiki. Maharban yankinmu suka yi ta dariya, suna cewa ai barewa ba ta san an canza jiha ba. Yaya bai yi dariya ba. Ya sa rigar sallarsa, ya ce in raka shi in karanta masa abin da za a rubuta, kada a sa shi dangwala hannu a kan abin da bai sani ba. Muka gangara Gwaram muka hau bas, yana ta riƙe hularsa kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Malamin dajin wani dattijo ne siriri, ya kusa ajiye aiki. Ya cike takardar, ya buga hatimi, ya juya bayanta ya ce in karanta sharuɗɗan. Ba a farauta da damina, lokacin da namun daji ke haihuwa. Ba a harbin mace mai ciki ko mai shayarwa. Ba a sa wa daji wuta don a koro nama, ba a kuma haske musu ido da fitila. Ina karantawa Yaya yana gyaɗa kai, da na ƙare ya ce ai duk wannan Baba ya riga ya gaya masa, ashe gwamnati ma ta ji. Dattijon ya ji daɗin maganar. Da za mu fita ya rako mu bakin ƙofa, ya ce:

"Malam Sale, ka riƙa sabunta ta kowace shekara. Dajin da yake da maharbi mai takarda, ba a yanka shi gonaki."

Har yau ban sani ba ko doka ce ya faɗa, ko kuwa fatansa ne kawai. Ni na ɗauke ta maganar rakiya. Yaya kuwa ya ɗauke ta ya rataya a wuya.

Tun daga nan, da zarar an yi girbi sai ya sa rigar nan ya nufi Birnin Kudu. Da farko suna tafiya su shida, suka koma uku, daga baya ya rage shi kaɗai. Sauran ba farautar suka bari ba, takardar suka bari. Suka riƙa cinna wa ciyawa wuta suna tsayawa da karnuka a bakin hanya, 'yan birni kuma suna zuwa da motoci da fitilu, ba ruwansu da mace ko namiji. Yaya ya yi magana har ya gaji, ya kai ƙara, ya ɓata da abokan da suka tashi tare. Lada ɗaya da ya samu shi ne suna, aka koma kiransa Sale na Gwamnati. Ni ma na taya su. Shekara takwas na ƙarshen rayuwarsa bai harba bindiga ba ko sau ɗaya, amma yana zuwa sabuntawa, sai nake tsokanarsa ko lasisin harbin gafiya ne yake karɓowa. Ya kan yi murmushi ya ce ba don harbi ba ne.

A daminarsa ta ƙarshe ya dawo daga daji wata ranar da hantsi, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ga barewa a bakin tafki, mace, da ɗanta yana bin ta. Rabon da wani ya ga barewa a Bayan Dutse an yi shekara uku. Gidan babu nama, bindigar tana kafaɗarsa, ya zauna a gindin taura yana kallonsu har suka gama sha suka tafi. Bai gaya wa kowa ba sai ni da matarsa, Yaya Abu, ya kuma roƙe mu kada maganar ta fita. A ganinsa takardarsa ce ta fara aiki.

Ciwon da ya kwantar da shi bai yi wata biyu ba. Kwana uku kafin ya cika, ya sa Yaya Abu ta ɗauko gwangwanin da yake ajiye takardun, ya miƙa mini a gabanta.

"Malam," in ji shi, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "kada ka bari takardar nan ta mutu. In ta mutu, dajin ya mutu."

Na ce ba za ta mutu ba.

Na cika alkawari shekara uku. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, na zama maharbi mai lasisi. Dattijon nan ya daɗe da barin aiki, wanda na tarar a kujerarsa ya tambaye ni, ba da raini ba, me zan harba a wurin. A shekara ta uku sai da aka yi ta tonon tsofaffin takardu kafin a samo fom ɗin, ina tsaye mutane suna kallona. Shekara ta huɗu na ce sai mako mai zuwa, makon ya zama wata, watan ya zama shekara. Damina biyu bayan haka aka zo da igiya da turaku aka auna Bayan Dutse za a yanka shi gonaki.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na sha gaya wa kaina. Takarda ɗaya ba za ta tsayar da masu igiya ba. Masu gawayi sun riga sun cinye ƙiryar, mutane sun yi yawa, kowa yana neman inda zai shuka abin da zai ci. Duk gaskiya ne. Amma babu wanda ya tilasta mini in shiga layi ranar rabo, kuma na shiga. Na bar aiki, ina da iyali, na ce in ban karɓa ba wani zai karɓa. Gonar da ta faɗo mini ta haɗa da bakin tafkin nan. Taurar da ya zauna a gindinta, ni na sa aka sare ta saboda tana yi wa gero inuwa. Wannan ne abin da ba ya barina in yi barcin kirki duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo.

Wani lokaci ina tsaye a gonar sai in tambayi kaina, da Yaya zai dawo yau, me zai ce? Ba na jin zai yi faɗa. Zai tsaya ya duba gabas ya duba yamma, riɗi da gero har iyakar gani, ya nemi sawu a ƙasa bai samu ba sai na awaki da tayar babur. Zai ga samari suna kiran kansu mafarauta, su yini da karnuka goma su dawo da ɓera. Sannan zai juyo ya dube ni, ya ce, "Malam," ya yi shiru. Shirun nan nake tsoro.

Yaya Abu tana Gwaram wurin 'yarta, idonta ya tafi tun kafin a auna dajin. Kowace kaka ina kai mata gero daga gonar nan ban taɓa faɗa mata inda ya fito ba. Bayan gaisuwa da 'yar tsokanar da ke tsakanin ƙanin miji da matar wa, sai ta tambaye ni ko an sabunta takardar, in ce an sabunta. Ta ce Allah ya yi albarka. Tambayar nan da amsar nan, shekara goma sha huɗu muna yin su, tun kafin in samu gonar.

Bana na je da niyyar faɗin gaskiya. Ta sa hannu cikin buhun tana murza geron, ta yi tambayarta. Na ce, "Yaya Abu, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki."

Ba ta bari na ƙarasa ba.

"Na sani, Malam. Tun geron farko na sani, makanta ai ba kurunta ba ce. Ina tambayarka ne don kai kaɗai ka rage wanda in na ce Bayan Dutse zai san daji nake nufi."

Na zauna ina lissafa abin da ya rage na Sale Maharbi a duniya. Adakar ta yi tsatsa a bayan rumbu. Gwangwanin yana ɗakina, da takardunsa da nawa guda uku a sama. Sharuɗɗan da ya kiyaye ba su da sauran amfani, don babu abin da za a kiyaye wa. Dajin kuwa ya rage a zukatan mutum biyu, tsohuwar da ba ta gani da tsohon da ya sare taura, kuma ranar da ɗayanmu ya tafi, ɗayan ba shi da wanda zai yi wa zancen. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya yafe wa ƙaninsa.

Na miƙe zan tafi, ta riƙo bakin rigata.

"Baɗi ma zan tambaye ka, in Allah ya kai mu," in ji ta. "Ka ce an sabunta."

Na ce mata to.